Injiniyoyi da ƙananan kamfanoni kafin gasar kofin duniya: me Katar ta samu, me Maroko za ta iya samu?

Mai Manhaja:
Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata magana gaban manyanmu da ke cikin wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a aikin injiniya. Tun ranar 11 ga Disamba 2024 da FIFA ta tabbatar cewa Maroko da Sifaniya da Fotugal ne za su karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta 2030, matasa masu ƙananan kamfanonin fasaha suke ta lissafin cewa wata babbar kasuwa ta buɗe musu, domin birane shida na Maroko, wato Kasablanka da Rabat da Tanja da Marakesh da Fas da Agadir, za su buƙaci gyara a harkar sufuri da ruwa da shara da tsaron taron jama'a. Hanyar da aka saba bi a irin wannan lokaci ita ce hukumar shirya gasa ta zaɓi wasu kamfanoni masu tasowa, ta haɗa su da ƙwararrun injiniyoyi da za su riƙa yi musu jagora har tunaninsu ya zama abin da za a iya amfani da shi. Katar ta yi haka kafin gasar 2022, inda kwamitin ƙoli da ke kula da shirye-shiryen gasar ya ƙaddamar da wani shiri mai suna Challenge 22 a shekarar 2015, wanda ke bai wa waɗanda suka yi nasara kuɗi da kuma jagorancin masana. Tambayata ita ce, shin irin wannan jagoranci yana kai wa ga warware matsalar birni da gaske, ko kuwa ado ne kawai da ake yi wa gasa? Ina tambaya ne a matsayin wanda ke da ƙaramin kamfani, kuma yake son ya san inda ya dace ya zuba ƙarfinsa.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayar tana da kyau, amma kafin a amsa ta sai an fahimci yadda lokaci yake tafiya a irin wannan aiki, domin a nan ne mafi yawan matasa suke yin kuskuren lissafi. Idan aka ce gasa za ta fara a 2030, mai ƙaramin kamfani yakan ɗauka yana da lokaci har zuwa 2030. Injiniyan da ke riƙe da aikin filin wasa ko na jirgin ƙasa ba haka yake ƙirgawa ba. A wurinsa akwai ranar da ake rufe zane, akwai ranar da ake rufe sayen kaya, akwai kuma ranar gwaji, kuma duk abin da bai shiga kafin waɗannan ranaku ba, to ya makara ko da ya fi abin da aka zaɓa inganci.

Ka dubi Katar ɗin da ka ambata. An ba ta gasar ne ranar 2 ga Disamba 2010, jirgin ƙasan cikin birnin Doha ya fara ɗaukar fasinjoji a 2019, sannan aka yi gasar kofin ƙasashen Larabawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa 18 ga Disamba 2021 domin a gwada filaye da ƙofofi da sufuri da tikiti, shekara guda cur kafin babbar gasar. Bayan wannan gwaji, babu wani shugaban sashe mai hankali da zai yarda a cusa masa sabuwar na'ura a inda rayukan mutane suke, saboda idan ta tsaya ranar wasa shi za a tuhuma, ba mai kamfanin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka abu na farko da jagora nagari yake yi wa matashi shi ne ya buɗe masa jadawalin aikin, ya nuna masa ƙofofin da suka riga suka rufe da waɗanda suke buɗe. Wannan kaɗai yana iya ceton kamfani daga ɓata shekara biyu a kan abin da babu mai saye. Abu na biyu kuma, wanda ni a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne ya samo masa wurin gwaji na gaske, ko da mahaɗar titi guda ce ko ƙofa guda ta filin wasa, tare da alƙaluman da hukuma ke riƙe da su. Nasiha a ɗakin taro kowa yana iya bayarwa, amma sa hannu a takardar da za ta ba yaro izinin ɗaura na'urarsa a kan turken hukuma, wannan sai wanda ya yarda ya jingina sunansa da aikin.

Mazaunin Doha:
Baba Injiniya ya faɗi gaskiya game da lokaci, kuma abin da ya fito daga shirin na Katar yana goyon bayansa. Abubuwa biyu da aka fi ambata daga cikin waɗanda shirin ya tallafa su ne Bonocle, wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu wadda ke mayar da rubutun waya zuwa rubutun makafi domin marasa gani su bi labarin wasa, da kuma SunPave, wato tubalan daɓe masu samar da lantarki daga hasken rana, waɗanda aka shimfiɗa domin gwaji a harabar filin wasa na Al Thumama. Duka biyun abubuwa ne masu amfani, musamman na farkon, domin ya kula da mutanen da aka saba mantawa da su. Sai dai idan aka lura za a ga cewa babu ɗaya daga cikinsu da gasar za ta tsaya idan ya lalace. An ba su gefen aikin ne, ba tsakiyarsa ba.

Abubuwan da suka riƙe birnin a wancan wata, daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba 2022, manyan ayyuka ne na gwamnati: jirgin ƙasa mai layi uku da tashoshi 37 wanda ke tafiya ba direba, da katin Hayya wanda ya zama izinin shiga ƙasa kuma yake bai wa mai shi hawan jirgi da bas kyauta, da kuma sanyaya filayen wasa. Wannan na ƙarshe ma daga jami'a ya fito. Dakta Saud Abdul Ghani, haifaffen Sudan kuma malamin injiniya a Jami'ar Katar, shi ne ya jagoranci aikin, inda aka riƙa ƙera ƙananan samfuran filayen ana sanya su a ɗakin gwajin iska, ana hura musu hayaƙi domin a ga yadda iska mai zafi take shiga da fita. Dabarar da ya tsaya a kai ita ce kada a ɓata wuta wajen sanyaya sararin sama, a sanyaya inda mutane suke zaune da inda 'yan wasa suke gudu kawai, ta ƙananan kafofi a ƙarƙashin kujeru da manya a gefen fili. Filaye bakwai cikin takwas aka yi wa haka, ban da filin da ake kira 974, wanda aka gina da kwantenoni a bakin teku.

Malamin Tsimi:
To ai kun amsa tambayar da kanku, sai dai kuna jin nauyin furta amsar. Idan manyan matsalolin birni suna hannun manyan 'yan kwangila da jami'o'i, ƙananan kamfanoni kuma aka bar musu abin da ko ya yi ko bai yi ba babu wanda zai rasa barci, to shirin jagoranci ya fi kusa da sashen hulɗa da jama'a fiye da sashen injiniya. Ba ina cewa mugun abu ba ne. Ina cewa ne a kira shi da sunansa, domin kada matashi ya sayar da filin gadonsa ya shiga.

Akwai kuma matsalar mai saye. Kwamitin shirya gasa hukuma ce mai wa'adi, da zarar an miƙa kofi sai ta fara naɗe tabarmarta, ma'aikatanta su watse. Wanda zai ci gaba da zama shi ne hukumar birni da kamfanin ruwa da hukumar sufuri, kuma waɗannan suna da dokokin bayar da kwangila da sukan nemi shaidar ayyukan da kamfani ya yi a baya da ƙarfin asusunsa da takardar lamuni daga banki. Kamfanin da bai wuce shekara biyu ba, daga ina zai kawo waɗannan? Sai ka ga an horar da shi, an yaba masa, an ɗauki hoto da shi, amma ranar da aka buɗe neman kwangila dokar da kanta ta hana shi shiga.

Mai Manhaja:
Malam, wannan magana ta taɓa ni, domin ita ce ainihin abin da muke fama da shi ko ba a batun gasa. Amma Baba Injiniya, ina neman ƙarin haske a kan abu guda. Ka ce ba a yarda a sanya sabon abu a inda rayuka suke. Manhajar duba tikiti a ƙofa, alal misali, ai ba gada ba ce da za ta rufta. Me ya sa ita ma za a ɗauke ta da wannan tsanani?

Tsohon Injiniya:
Bari mu yi lissafi tare, domin a nan ne za ka ga bambancin tunanin mai rubuta manhaja da na mai kula da taro. A ƙa'idar da ake bi a filayen wasa na Ingila, ƙofa mai juyawa guda ɗaya ba a lissafa mata fiye da mutum 660 a awa guda. Idan ka raba daƙiƙa 3,600 da ke cikin awa da wannan adadi, kowane mutum yana da daƙiƙa biyar da rabi, ya nuna tikiti, na'ura ta karanta, ƙofa ta juya, ya wuce. Filin da ke ɗaukar mutum 60,000 yana buƙatar irin waɗannan ƙofofi kusan 91 idan ana so ya cika cikin awa guda.

Yanzu a ce manhajarka tana da kyau ƙwarai, tana gane tikitin jabu fiye da kowace, amma tana buƙatar ta tambayi wata kwamfuta ta intanet kafin ta ba da izini, kuma wannan yana ƙara daƙiƙa biyu kacal. Ƙofar da ke shigar da mutum 660 ta koma shigar da kimanin 480, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Mutanen da ba su shiga ba kuwa ba ɓacewa suke yi ba, suna nan a waje suna taruwa, na baya suna turo na gaba domin ba su ganin abin da ke faruwa, kuma suna jin ihun 'yan kallo daga ciki. Ka ƙara da cewa a inda dubban mutane suka taru sabis ɗin waya yakan yi rauni, hasken rana yakan hana na'ura karanta fuskar waya, wani kuma batirinsa ya mutu a layi. Idan cunkoso ya haura mutum huɗu zuwa biyar a kowace murabba'in mita, mutum ba ya iya sarrafa ƙafarsa, taron ne yake tafiya da shi.

Ko FIFA da duk ƙarfinta ta ɗanɗana wannan. Ranar 21 ga Nuwamba 2022, a wasan Ingila da Iran, tikitin wasu 'yan kallo ya ƙi buɗewa a manhajar waya, aka fara wasa suna waje a layi. Allah ya tsare ba a yi asarar rai ba. To jagoran da ya san aikinsa, tambayar farko da zai yi maka ita ce me zai faru idan intanet ya ɗauke, ta biyu kuma wa ke da ikon ba da umarnin a buɗe ƙofa ba tare da na'urarka ba. Idan ba ka da amsar waɗannan, bai kamata ya bar ka ka kusanci ƙofa ba, ko da ɗansa ne kai.

'Yar Garwa:
Ina gaishe da Baba Injiniya. Mu a Kamaru wannan lissafi ba labari ba ne a wurinmu. Ranar 24 ga Janairu 2022, a wasan Kamaru da Komoros na gasar kofin Afirka, mutum takwas suka rasu a turmutsutsu a ƙofar filin wasa na Olembe da ke Yawunde, wasu da dama suka ji rauni, kuma filin sabo ne fil, mai ɗaukar mutum 60,000. Ba gini ne ya gaza ba. Jama'a ne suka taru a ƙofa guda da aka rufe, a lokacin da ake duba tikiti da takardun korona, har abin ya fi ƙarfin masu gadi. Bayan haka hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ɗauke wasan kusa da na kusa da na ƙarshe da aka shirya yi a can, ta mayar da shi filin Ahmadu Ahijo.

A nan Garwa, inda Najeriya ta buga wasanninta a filin Roumdé Adjia, ta ci Masar da Sudan da Gini Bisau kafin Tunisiya ta fitar da ita, na lura da wani abu da nake so masu fasaha su riƙe. Mutanenmu ba sa zuwa fili awa uku kafin wasa. Ɗan kasuwa sai ya rufe shago, mai babur sai ya sauke fasinjan ƙarshe, wani kuma sai ya tsaya ya yi salla, saboda haka rabin jama'a suna isowa ne a dunƙule dab da busa usur. Duk na'urar da aka ƙera bisa zaton cewa mutane za su riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, to an ƙera ta ne domin wani gari daban. Wannan ilimi kuma ba ya cikin kwamfutar injiniyan da aka ɗauko daga waje, yana wurin shugaban 'yan babur da ɗan sandan da ya shekara goma yana tsaron wannan mahaɗa da matar da ke sayar da ruwa a bakin ƙofa.

Shi ya sa ban yarda da Malamin Tsimi gaba ɗaya ba. Babban ɗan kwangila daga waje yana da na'ura amma bai san garin ba, matashin garin kuwa ya san shi ciki da waje. Idan aka haɗa matashin da injiniya mai tsanani irin Baba, kowannensu yana da abin da zai koya wa ɗayan.

Mazaunin Doha:
Hajiya, abin da kika faɗa ya tuna mini da wani abu. A Doha an kafa cibiyar sa ido guda ɗaya da ke kallon dukkan filaye takwas ta dubban kyamarori, tana iya gane inda jama'a suka fara yawa. Amma abin da baƙi suka fi tunawa da shi wajen fita daga cunkoso shi ne wani matashi ɗan Kenya da aka zaunar a kan doguwar kujera kusa da kasuwar Souq Waqif, da lasifika a hannu da wani ƙaton yatsan soso, yana ta nanata wa mutane hanyar tashar jirgi cikin waƙa har jama'a suka riƙa amsa masa. Irinsa suna da yawa a kowace mahaɗa, ga kuma shingayen ƙarfe da aka jera domin layi ya riƙa lanƙwasa maimakon ya dunƙule. Kyamara tana gani, amma mutum da shinge ne suke juya taro.

Kuma tunda ana maganar matsalar birni, kada a manta da leburorin da suka gina shi cikin zafi, waɗanda mutuwar wasunsu ta jawo wa Katar suka mai yawa. Ɗaya daga cikin matakan da aka ɗauka domin kare su shi ne dokar 2021 da ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na rana, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. An gwada rigunan sanyaya jiki, amma doka ce ta fi yin tasiri a kan yawan mutane.

Injiniyar Ruwa:
Na bi muhawarar tun farko, kuma ina ganin an tsaya a ƙofar filin wasa fiye da kima. Katar ƙaramar ƙasa ce mai kuɗi, filayenta duka suna Doha ko garuruwan da ke kewaye da ita. Maroko daban take. Tsakanin Tanja da Agadir akwai fiye da kilomita 700, kuma biranen tsofaffi ne masu jama'arsu da matsalolinsu tun kafin a yi maganar ƙwallo. Manyan ayyukan, kamar babban filin wasa na Hassan na Biyu mai ɗaukar mutum 115,000 da ake ginawa a Benslimane kusa da Kasablanka, da tsawaita layin jirgin ƙasa mai gudu na Al Boraq daga Kenitra zuwa Marakesh, tabbas ba na ƙananan kamfanoni ba ne. Amma ruwa fa?

Ƙasar ta sha fari na shekaru a jere, har ya kai a watan Fabrairu 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da yanka ragon layya a wannan shekara saboda dabbobi sun ragu ƙwarai. A 2023 an haɗa kogin Sebou da na Bouregreg da bututu domin a kai ruwa yankin Rabat da Kasablanka, sannan a 2024 aka fara gina matatar ruwan teku ta Kasablanka wadda aka tsara za ta riƙa samar da ruwa kubik mita miliyan 300 a shekara. Ruwan da aka tace daga teku yana da tsada domin yana cin wuta sosai, saboda haka kowace lita da ta zurare ta fasasshen bututu asara ce ninki biyu. Gano inda bututu ke yoyo kuwa aiki ne da ƙaramin kamfani zai iya, kuma ba ya jiran ranar gasa ko ya mutu bayanta.

Ga yadda jagoranci yake da amfani a nan. Matashi yakan zo da na'urar sauraro da manhaja, yana cewa zai gano yoyo. Tsohon ma'aikacin ruwa zai gaya masa cewa a fara da rufe unguwa guda ta yadda ruwa zai shiga ta hanya ɗaya tak mai mita, sannan a auna abin da ke shiga tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare lokacin da kusan kowa yana barci, domin ruwan da ke gudu a wannan lokaci yawancinsa ƙasa yake shiga. Zai gaya masa cewa ƙarar yoyo tana tafiya nesa a bututun ƙarfe amma tana mutuwa da wuri a na roba, saboda haka tazarar da zai bari tsakanin na'urorinsa ta dogara da abin da ke binne. Zai kuma gaya masa cewa taswirar ofis ba koyaushe take faɗin gaskiya ba. A wata hukumar ruwa da na yi aiki da ita, mun haƙa inda taswira ta nuna bututu muka tarar da ƙasa zalla, sai wani dattijon mai gyaran famfo ya taka ƴan sawu zuwa ɗaya gefen titin ya buga ƙafa ya ce a haƙa nan, kuma a nan yake. Wani lokaci ma maganin ba na'ura ba ne, rage ƙarfin turin ruwa da dare kawai yana rage yoyo da fashewar bututu.

Idan kamfani ya nuna da alƙaluma cewa ya rage asarar ruwa a unguwa guda, yana da abin da zai kai wa kowane birni, ko ana gasa ko ba a yi.

Malamin Tsimi:
Injiniya, wannan misali naki na karɓa, kuma dalilin da ya sa na karɓa shi ne mai sayen yana nan daram bayan gasa, ribar kuma ana iya auna ta da mita. Yana kuma amsa wani ƙorafi da 'yan ƙasar da kansu suka yi. A ƙarshen Satumba 2025 matasan Maroko sun fito zanga-zanga a birane da dama, bayan mutuwar wasu mata masu haihuwa a wani asibitin gwamnati da ke Agadir, suna tambayar dalilin da ya sa filayen wasa suke tashi da sauri alhali asibitoci da makarantu suna baya. Duk shirin da zai ɗauki hazikan matasa ya sa su ƙera abin da baƙon wata guda kaɗai zai mora, yana ƙara wa wannan fushi itace ne.

Sai dai ina da sauran damuwa game da su jagororin. Injiniyan da ke aiki a hukuma ko a babban kamfanin da ke riƙe da kwangila, idan ya zauna da matashi wata shida ya ga duk sirrin abin da ya ƙera, me zai hana tunanin ya ɓulla a cikin kayan babban kamfanin bayan shekara guda? Idan kuma aka ba jagoran hannun jari a ƙaramin kamfanin domin a ɗaure shi, to ya zama mai ba da shawara a sayi abin da yake da riba a ciki. Ko ta wane gefe aka bi akwai rami.

Tsohon Injiniya:
Malam, ramin yana nan, ban musa ba, amma an san yadda ake tsallake shi. Wanda ke jagora ba ya zama a kwamitin da ke zaɓen wanda za a bai wa kwangila, kuma ana rubuta yarjejeniyar sirri tun ranar farko, kafin a buɗe kwamfuta. Hannun jari kuwa ni ban goyi bayan a bai wa ma'aikacin hukuma ba sam. Inda na saɓa da kai shi ne yawan tsoron satar tunani. A aikinmu tunani ba shi ne mai wuya ba, kusan kowace dabara an taɓa kawo ta. Mai wuya shi ne na'ura ta kwana shekara a waje cikin rana da ƙura da ruwan sama, ɓarayi ba su cire ta ba, kuma idan ta lalace a samu wanda zai zo ya gyara kafin gari ya waye. Wanda ya iya wannan ba a sace masa aiki cikin sauƙi.

Game da dokar kwangila da ka ambata ɗazu, hanyar da na ga tana aiki ita ce a wajabta wa babban ɗan kwangila ya ware wani kaso na aikin ga ƙananan kamfanonin gida, ko kuma hukuma ta keɓe ɗan kuɗin gwaji da ba ya bin doguwar hanyar neman kwangila, da sharaɗin cewa idan gwajin ya kai ma'aunin da aka rubuta tun farko, za a ɗauke shi a matsayin shaidar aikin baya.

Mai Manhaja:
Na gode ƙwarai. Ina so in gwada abin da na fahimta a kan misali guda. Tsohon birnin Fas, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, yana da dubban lunguna da mota ba ta shiga, har yau jakuna da alfadarai da amalanke ne suke ɗaukar kaya a cikinsa. Baƙin gasa za su cika shi, shara za ta ƙaru. Da a da ne, da na ce a sanya kwandunan shara masu na'urar da ke sanar da cikarsu. Yanzu kuwa ina ganin sai an fara sanin ƙarfe nawa masu kwasa suke shiga, lungu nawa mutum guda yake iya bi kafin masu shaguna su buɗe, da inda ake tara sharar kafin mota ta ɗauka a bakin ganuwa. Shin Injiniya, haka ne, ko har yanzu ina gaggawar kai wa ga na'ura?

Injiniyar Ruwa:
Haka ne, ƙanena, amma ka ƙara tambaya guda kafin duk waɗannan: wa yake biyan masu kwasar, kuma da wane ma'auni ake biyansa? Idan kamfanin da ke riƙe da kwangilar shara ana biyansa ne bisa nauyin abin da ya kwashe, manhajar da za ta rage masa zirga-zirga za ta burge shi domin tana rage masa kashe kuɗi. Idan kuwa ana biyansa bisa yawan ma'aikata ko yawan zagaye, to kana kawo masa abin da zai rage masa kuɗin shiga ne, kuma zai karɓe ka da fara'a ya ajiye na'urarka a kabad. Ka nemi jagoranka ya samo maka kwafin wannan kwangila, ka karanta sashen biya da ranar ƙarewarta, domin lokacin sabunta kwangila ne kaɗai hukumar birni take iya shigar da sabon sharaɗi. Idan ta ƙare a 2028 kana da dama, idan kuma sai bayan 2030 ne, gara ka duba wani birnin cikin shidan.